Man Shanu a Cikin Boris

Ban taɓa mantawa da wata safiyar damina ba, ina shugaban makanikai a garejinmu na Kankiya, da direba Ɗan'azumi ya shigo da motarsa cike da mata daga Bauranya. Rimaye za su, sunan jikan fari na wata tsohuwar Bafillatana, Inna Hajo.

Tun kafin ya tsaya na ji ƙamshin suya. Na taɓa cibiyar ƙafar gaba, wato hob, inda ake ɗaure taya, na ji ta kamar tanda. Ga waɗanda ba su sani ba, cikinta akwai boris, ƙananan ƙarafa masu gangarawa waɗanda taya ke juyawa a kansu. Giris ne abincinsu. In ya ƙone sai su cinye juna, taya ta fice mota tana gudu.

Na kwance murfin, sai ga mai yana ɗiga, rawaya.

"Ɗan'azumi, mene ne wannan?"

"Baba, kuka ta fara a hanya, ba giris. Inna ta taimaka da man shanun da za ta kai wa mai jego."

"Ai ta yi shiru!" in ji Inna Hajo daga cikin mota. "Ɗana, ɗaura mu tafi, kada a watse ban goya jikana ba."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Wannan mai na tuwo ne. Ƙafar nan ba za ta kai ku Rimaye ba."

Na ɗaga motar da jak, na fitar da boris, na wanke da kananzir. Ɗaya ya yi shuɗi don zafi, na sauya shi. Na cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, na sa sabuwar robar da ke hana ruwa shiga. Na ɗaure noti ina juya taya, na sassauta kaɗan, na kulle. Na girgiza tayar: ba sako-sako, ba kuka. Duk lokacin nan matan suna yi wa Ɗan'azumi waƙa, wai mai soya mota.

Sun isa ana rabon tuwo. Washegari Ɗan'azumi ya dawo da ƙwaryar man shanu daga Inna, da saƙo: "A gaya wa mai taurin kan nan, wannan na miya ne."

Abin da nake gaya wa na baya ke nan: shirun boris ba lafiyarsa ba ce, sai ka buɗe ka gani. Mai gaggawa kuwa, in ya sauka lafiya, shi ne farkon mai gode maka.