Buhunan da Na Hana Malam Arzika

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe laburare yau da safe waya ta shigo daga garin Isa: Malam Arzika ya rasu.

Har yanzu makullin yana hannuna, na kasa ajiye shi.

Na ga wasu sun riga ni, har sun ɗora hotonsa suna rubuta "gwarzon ilimi". Biyu daga cikinku kun sa hannu a takardar da ta kore shi. Ban kira suna ba, kun san kanku, kuma nawa laifin ya fi naku, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya riƙe ɗan laburaren ƙungiyar garinmu a Sabon Birni tun kafin in iya haɗa baƙi. Mutum ne mai tsauri, ba za ni yi masa kwalliya don ya mutu ba.

Ba a cajin waya a ɗakinsa. Ba a shiga da littafin soyayya. In ɗalibi ya miƙa hannu ga littafin da ya fi ƙarfin shekarunsa, sai ya ce, "Mai da shi, ba ka kai ba." Yakan ce mai laburare kamar uba yake, ba mai shago ba ne da zai miƙa wa kowa abin da ya nuna. Mutane da yawa sun bar zuwa saboda bakinsa, kuma bai taɓa damuwa ba.

Akwai buta a ƙofa, sai ka wanke hannu kafin ka taɓa takarda. A shekarar farin nan da rijiyoyi suka ja baya, daga gidansa yake ɗauko ruwan butar.

Shi ya koya mini ɗinke bayan littafi da zare da ƙaro. Kullum da azahar sai ya raba furarsa biyu ya turo mini rabi, ba tare da ya kalle ni ba. Shi ya rubuta mini wasiƙar da ta sa aka ɗauke ni karatun difloma a aikin laburare. Da na dawo ya lanƙaya mini suna Mai Difloma, ni kuma na dawo da kai ya kumbura.

A kusurwar ɗakin akwai wani kabad na ƙarfe. Cikinsa takardun mutane ne: rubutun hannu na kakanni, wasiƙun fatake, waƙoƙin wa'azi da ajami, da bayanin iyakokin gonaki. Daga Gangara, daga Bafarawa, har daga Burkusuma ake kawo masa ajiya, don gara da gobara sun ishi mutane a gida. Kowane ƙunshi ya naɗe shi da tsohuwar jarida, ya ba shi lamba, ya yi masa kati. Dokarsa guda ce, a karanta a gabansa, ba ya fita ko da na yini ɗaya.

Ni kuma an koya mana a makaranta cewa littafin da ya shekara biyar ba a are shi ba, ya mutu, a cire shi a ba sabo wuri. Ana gane haka da katinsa, in ba hatimin aro a kai.

Kun ga inda matsalar take. Abin da bai taɓa yarda a ara ba, yaya za a yi katinsa ya samu hatimi? Duk katunan kabad ɗin nan farare ne tas.

Na faɗa masa dokar, ya dube ni ya ce, "Mai Difloma, kakanka ma ya shekara biyar ba wanda yaz ziyarci kabarinai. A tone shi?"

Na ji haushi. Na rubuta wa kwamitin ƙungiya rahoto, na ce tsohon ya mai da laburare maƙabarta, ga shi an yi mana alkawarin kwamfutoci babu inda za a sa su. Kwamiti ya yarda.

Ranar wata Alhamis gari duka ya fita roƙon ruwa. Gero ya ƙone a tsaye, mutane na kuka a fili. Malam ya tafi, ni na zauna. Na karɓi makullin ciyaman, na ɗauko akwatin kati, duk lambar da ba hatimi na sa leburori su zuba a buhu su fitar bayan ɗaki. Wallahi ban kwance ƙunshi ko ɗaya na duba ba. Kati kawai na bi.

Ya dawo da ƙura a goshi, ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofa da takardar sallama tana jiransa.

Bai yi maganar aikin ba. Ya ce, "Ɗana, na kabad ɗin ɗai nika roƙo. Amanar mutane ta. Bar ni in kai su gida."

Bai taɓa ce mini ɗana ba sai ran nan.

Na ce, "Malam, ba kai ka ce takarda ba ta fita ba? Kayan kwamiti ne, sai Litinin."

Ya ce to ko tamfol in rufa musu. Na nuna masa sama na yi dariya, na ce wane ruwan?

Gaskiyata ce, ruwa bai zo ba. Washegari Malam ya zo ya zauna a bakin ƙofa tun safe yana gadi, har lokacin Juma'a ya yi, ya tafi masallaci. A shekarar nan awaki kwali suke ci a kasuwa. Suka cinye zanan da ya kewaye bayan ɗakin, suka shiga, suka yaga buhunan. Kafin a sallame sun gama da abin da suka iya.

Na same shi a durƙushe yana tsintar guntaye yana zubawa a hularsa. Ya ɗago ya kalle ni, ya ci gaba da tsinta.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya hau mashin ɗin ɗan kabu-kabu, ya bi masu ajiya gida-gida. Ko'ina maganarsa ɗaya: "Ni na yi sakaci." Bai ambace ni ba, bai ambaci kwamiti ba.

A Burkusuma akwai Alhaji Nomau, wani ɗan kasuwa da ya kawo masa rubutun kakansa gaba ɗaya. A gaban jama'a ya ce masa, "Takardun ga sun tsira ga gara, sun tsira ga gobara, sai ga hannunka sunka zan kashin akuya." Malam ya miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa. Bai sake amsa sallamarsa ba.

A gari aka sa wa Malam suna Mai Kiwon Awaki. A teburin mai shayi an faɗa a gabana, aka yi dariya, ni ma na yi. Kwamfutocin kuwa har yau muna jira.

Ganina da shi na ƙarshe wata biyu ke nan, a gidan 'yarsa a Isa. Idonsa ya tafi, da murya ya gane ni. Tambayarsa ta farko, ko ina sa ganyen dogon yaro a bayan kantoci saboda gara. Na ce ina sawa. Ya ce butar fa? Na ce tana nan.

Sai na fara kame-kame, na ce Malam, na gode da ka rufa mini asiri.

Ya ce, "Kak ka ruɗi kanka, ba don kai niy yi ba. In sunka san wanda ad ciki shi yay yi, wa ka sake kawo takarda ɗakin nan? Ni an riga an hidda ni."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Nawa na yahe tun tuni. Na Nomau ba nawa na ba."

Ya juya fuska bango, 'yarsa ta ce mini ya gaji.

Na san wannan rubutu ya saɓa abin da ya so. Mai yiwuwa gobe masu 'yan takardun da suka rage a hannunmu su zo su kwashe kayansu, kuma ba za ni hana kowa ba. Wannan ne karo na biyu da na taka dokarsa. Amma ɗazu aka kira Alhaji Nomau aka sanar da shi rasuwar, ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya kashe waya. Ba za ni bari a rufe bawan Allahn nan da sunan da ni ya kamata a kira da shi ba.

Ana gama jana'iza za ni hau mashin zuwa Burkusuma. In Alhaji ya ƙi hannuna, daidai ne.

Allah ya jiƙan Malam Arzika, ya yafe masa kaifin harshensa, ya saka masa da amanar da ya riƙe da wadda ya ɗauki laifinta ba shi ya ci ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya kuma tura wa duk wanda ya taɓa kiransa Mai Kiwon Awaki. Ni kada kowa ya rubuta mini "Allah sarki" a ƙasa, ba ni ne na rasu ba.