Gem Biyu a Ɗakin Mai Karaya

Akwai abin da mutum kan manta da gangan, akwai wanda shekaru ke goge masa, amma daminar da na karye a ƙafa aminaina biyu suka bar ni kwance suna gardamar gem, wannan kam tana nan daram a kaina har in koma ga Allah. Yanzu idan na ba da labarin dariya ake yi, ni ma nakan taya. A lokacin kuwa babu abin dariya a ciki, takaici ne tsagwaronsa. Ba zan kama sunan kowa ba, na mutum ko na na'ura, don na san halin mutanena. Ina ambaton suna za a sake tayar da gardamar daga tushe.

Mu uku ne tun muna sakandare a Gusau. Ɗaya ya zama tela, yana da shago a Sabon Gari. Ɗaya malamin firamare ne, yana koyarwa can wajen Magami. Ni kuma ina sayar da iri da maganin feshi. Bayan kowa ya kama sana'arsa, abin da ya riƙe mu tare shi ne ƙwallon gem, wato wasan ƙwallo da ake bugawa da na'ura a allon talabijin. Duk Juma'a bayan la'asar mukan haɗu a wani gidan gem, biyu su kara, na ukun ya zauna yana zuga, wanda aka lallasa ya miƙa masa fad, wato abin dannawar nan da ake riƙewa da hannu biyu. Mutane na cewa mun yi girma da wannan wasa, mu kuwa ko a jikinmu.

Wata rana na kai wa wani mai shago kaya Tsafe a kan babur. A hanyar dawowa ruwa ya sauko, wata akuya ta faɗo titi, na kauce mata, sai ga ni a gefen kwalbati babur a kan ƙafata. Akuyar ko waiwaye ba ta yi ba. A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashin ƙwauri ya karye. Inna, mahaifiyata, ta ce a kai mata ni gida Bungudu, akwai maɗorin da ta yarda da hannunsa. Tela da Malam ne suka ɗauki shatar mota suka kai ni, su suka danne ni lokacin da maɗori yake jan ƙafar ina ihu kamar ba namiji ba. Wannan ba zan ci musu haƙƙi ba, ranar sun yi abin da ya kamata.

Da za su tafi ne aka shuka matsalar. Tela ya dubi Inna ya bugi ƙirji.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Wanga bawan Allah ba ya zaman kaɗaici muna raye. Gem za mu sawo mishi, nashi na kanshi. Ba mu koma tako gidan ga sai da shi a hannu."

Malam ya ce, "Ƙwarai kuwa, Inna. Juma'a mai zuwa nan ɗakin za mu yi wasanmu."

Inna ba ta san mene ne gem ba, amma ta sa musu albarka har suka fita. Ni kuma daɗi ya kama ni. Ban san alkawarin nan ne zai toshe musu hanyar Bungudu ba.

Ga wanda bai sani ba, manyan na'urorin gem iri biyu ne ke gasa a kasuwa. Ɗaya fad ɗinta na da alamomi, da'ira da gicciye da sauransu. Ɗayar kuma haruffa ne a jikin nata. Tela ya tsaya kan mai alamomi. Hujjarsa ita ce da ita muka tashi, yatsunmu sun haddace ta, faifanta na ko'ina a kasuwa, in ta samu matsala kuma akwai mai gyara a bayan shagonsa. Malam ya kafe kan mai haruffa. Shi mutum ne mai karance-karance a waya, ya ce ya bincika ya gano ta fi ƙarfi, fad ɗinta ya fi zama a hannu, kuma lokaci ya yi da za mu daina bin abu don kawai kowa na bi. Kowanne da gaskiyarsa, ni ma na sani. Abin da ban sani ba shi ne manya biyu masu gemu za su iya mayar da wannan tamkar rabon gado.

Juma'a ta zo. Tun da hantsi na sa Inna ta share ɗakin, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura da yawa. La'asar ta yi, magariba ta yi, babu kowa. Sai waya. Tela ne.

"Kai, ka ji abin da mutumin ga ka so shi yi muna? Wai mu sayi abin da ko mai gyaranta babu garin ga. Hwaɗa min gaskiya, wacce kaka so?"

Na ce, "Duk wadda kunka kawo na gode."

Yana ajiyewa Malam ya kira, shi ma da tasa tambayar, shi ma na ba shi amsar da na ba Tela. To me zan ce? A wurinmu ba a ce wa mai kyauta ga irin wadda za ka ba ni, rashin kunya ne. Ban da haka, na san duk wadda na zaɓa ba na'ura na zaɓa ba, aboki na zaɓa na bar aboki. Sai ga shi amsar tawa ta zame musu makami. Tela ya je ya ce wa Malam na ce wadda hannuna ya saba da ita. Malam ya ce ƙarya ne, da kunnensa ya ji alamar ina son canji. Ni da ban ce komai ba, kowa ya riƙe ni a matsayin shaidarsa.

Haka makonni suka riƙa wucewa. Wayata ba ta hutawa da saƙon murya. Wannan ya turo min bidiyon wani Bature yana kwatanta na'urorin biyu, wancan ya turo min wani Baturen yana ƙaryata na farko. Har shagon mai sayarwa suka je tare, suka yi ta sa-in-sa a gaban mutane, mai shagon ya gaji ya ce don Allah su je waje su shirya kansu tukuna. Kowannensu ya kira ni ya ba ni labarin yadda ɗayan ya kunyata shi. A duk kiran nan, sai can ƙarshe ake tunawa a ce, "Af, ya ƙahwar?" Kafin in amsa an koma kan gem.

Ni kuwa ina kwance rigingine, ƙafa ɗaure da karare, ina kallon rufin ɗaki. Na san duk inda ruwa ya taɓa silin ɗin nan ya bar tabo. Tun ina yaro aka kai ni Gusau karatu, don haka ba ni da sa'o'i a unguwar, maza kuma duk suna gona. Tsofaffi kan leƙo su yi min sannu su wuce. Wanda bai taɓa doguwar kwanciya ba ba zai gane ba, amma ciwon ƙafar bai kai min shirun ɗakin nan ba. Duk ƙarar babur da na ji a ƙofar gida sai in ɗago kai in ce su ne. Kuma Gusau zuwa Bungudu ba wata tafiya ba ce, mai babur kan je ya dawo tsakanin azahar da la'asar.

Inna takan tambaye ni, "Wai abokan nan naka lahiya dai?" In ce mata aiki ne ya yi musu yawa. Ta ce "To," irin "to" ɗin da uwa ke yi idan ta san ana rufa wa wani asiri.

Rannan haƙurina ya ƙare, na cire kunya na ce wa Malam a waya, "Don Allah ku bar zancen gem ɗin ga. Ku dai ku taho, ko babu komi."

"Haba!" in ji shi. "Mu da munka yi alkawari gaban Inna? Mu taho hannu rabbana, da wane ido za mu dube ta?"

Na kira Tela, kamar sun haɗa baki, shi ma kunyar Inna ya kawo min. Wato a kan komai sun saɓa, amma a kan kada su zo duba ni kansu a haɗe yake. Ranar na kifa wayar a kan katifa, na ji hawaye na bin gefen kunnena. Ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka, kuma na haushi ne.

Daga baya na ji sun daina magana da juna gaba ɗaya. Kowa ya janye kuɗin da ya sa a cikin haɗakar da suka yi don sayen gem ɗin, ya ce zai nuna wa ɗayan iyakarsa.

Wata Juma'a da la'asar sai ga sallamar Tela, ya rungumo kwali yana murmushin wanda ya ci zaɓe. Bai gama gaisawa da Inna ba aka ji tsayuwar babur. Malam ne, da jaka a bayansa. Suka yi ido huɗu a tsakar gida. Babu wanda ya san ɗayan zai zo. Aka yi wata gaisuwa a daƙile, kowa na kallon kayan ɗan'uwansa. Suka shigo ɗaki, kowa ya yi min sannu a gurguje ya durƙusa gaban talabijin ɗin Inna yana warware wayoyi. Talabijin ɗaya, na'ura biyu. Nan ma sai da aka yi musun wadda za a fara jonawa.

Tela ya riga, ƙwallo ta bayyana a allo, ya miƙo min fad. Na karɓa na ce, "To ina na biyun? Da wa zan buga?"

Ya sosa ƙeya. Ashe da suka raba gari, abin da ke hannun kowa bai kai ya sayi sabuwa ba. Ta hannu ya samo, kuma fad ɗaya aka haɗa masa da shi. Muka juya ga Malam. Ya buɗe jakarsa a sanyaye. Shi ma ta hannu ce, shi ma fad ɗaya. Tela ya fizgi na Malam ya yi ta danne-danne wai ko zai kama a tasa na'urar. Ina! Kowane fad tasa kawai ya sani. Ga gem biyu a ɗaki, ga fad biyu, ga mu mu uku, amma babu mutum biyu da za su iya buga wasa da juna.

Wallahi na zaci nan za su ji kunya. Sai na ji Tela na cewa, "Ai sai ka maida taka ka sawo muna fad." Malam ya ce, "Kai mi ya hana ka maida taka?"

Ban san lokacin da na wurga fad ɗin kan tabarma ba.

"Ku rufa min baki, ku duka!" Na daka musu tsawa. "Tun yaushe nike kwance nan? Wa yat taɓa tambaya ta ko na iya barci? Ni na ce muku gem nika so? Ku kwashe tarkacenku ku maida cikin kwali!"

Tunda muke ba su taɓa jin na ɗaga murya haka ba. Inna na tsaye bakin ƙofa da kwanon fura, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, suka sunkuyar da kai.

Na ce, "In kuna son ku yi min wani abu, ku ɗauke ni ku hidda ni ƙohwar gida. Maɗori ya ce ana iya hidda ni in sha iska, in an samu ƙarti biyu da za su ɗauka ba tare da ƙahwar ta motsa ba. Inna ba ta iyawa ita ɗai."

Ɗaukar mai karaya ba ta yiwuwa da gaba. Dole mai riƙe da kafaɗu ya saurari mai riƙe da ƙafa. Malam ya tallabo ni ta baya, Tela ya sa hannuwa ƙarƙashin ɗorin, sai na ji ya ce, "A hankali, Malam, sai na ce ɗaga." Malam ya ce, "Ina jin ka." Maganar kirki ta farko ke nan da ta shiga tsakaninsu cikin makonni. Suka bi da ni ta tsakar gida, ta zaure, suna ta "karkato nan" da "tsaya in gyara," har suka ajiye ni kan tabarma a gindin katanga.

Hasken ya kashe min ido. Da na buɗe sai na hango gonar da ke tsallaken hanya. Ranar da aka kawo ni geron cikinta iya gwiwa yake. Yanzu ya fi mutum tsawo, har ya fitar da kai. Na nuna musu na ce, "Kun tuna yadda kunka bar shi?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Tela ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya ce, "Ka yahe muna." Muka zauna nan muna shan fura har aka kira magariba, ba a ƙara ambaton gem ba.

Daga ranar ba su sake fashin Juma'a ba har na taka ƙafata. An mayar da na'ura ɗaya aka karɓo fad, kuma har gobe in an taɓo zancen kowannensu na ganin shi ne mai gaskiya. Ni dai abin da na ɗauka daga kwanciyar nan ba shi da alaƙa da wacce ta fi. Mara lafiya ba kaya yake jira ba, mutum yake jira, kuma duk ranar da ka ɗaga zuwa don ka zo da abin burgewa, shi a kwance yake cinye ta shi kaɗai. Shi ya sa yanzu da na ji wani nawa ya kwanta, a ranar nake tafiya, ko da babu komai a hannuna sai sannu.