Desanka da Tukunyar Birkin Kum Obrad

Desanka Lukić ta girma a cikin ƙurar ƙarfe, a shagon ubanta Vukašin da ke bayan gida a garin Užice. Aikinsu ɗaya ne. Tsohuwar mota in ta daɗe a ajiye, man birki ya sha ruwa, cikin tukunyar birki ya yi tsatsa ya ci roba. Sai su ƙwaƙule ramin a injin sassaƙa, su cusa siririn bututu a ciki, birki ya dawo sabo.

Wanta Nenad aka koya wa sana'ar, ya tattara ya tafi Jamus. Ita da ba a koya wa ba, da kallo ta iya. Tun da hannun tsoho ya fara rawa ita ke kan injin, shi yana zaune a ƙofa yana karɓar godiya. Ta haura shekara hamsin, har yau ba a tambayarta komai. Abin haushi ma, "ɗana" yake kiranta, yadda iyaye suke kiran 'ya'ya mata a nan. Allon shago kuwa sunan Nenad ne a kai.

Rannan Obrad ya shigo da tukunyar birkin tsohuwar motarsa ƙirar Fića a naɗe cikin jarida. Shi ne kum ɗin gidan, wanda ya riƙe ta ranar baftisma, kuma ba a yi wa kum gardama. Ya wuce ta kamar bango, ya ɗora kayan a cinyar tsoho.

"Kume, me za a sa mata?" in ji Obrad, don haka kum da mai gida suke kiran juna.

"Tagulla," in ji Vukašin. "Da ita na tashi. Tana da laushi, ba ta wahalar da roba, ba ta tsatsa."

Desanka ta kashe injin. "Baba, wannan motar ba ta ado ba ce. Kullum sai ya gangaro da ita daga tsauni. Tagulla za ta cinye. Farin ƙarfe mara tsatsa ya kamata."

Obrad ya yi dariya. "Ji 'yar da na tsoma a ruwa tana tsala ihu! Ke, ina kofinmu?"

"Kofi yana kan wuta, Kume. Kai ne dai za ka gangaro, ba ni ba."

"Ɗana, na ce tagulla," tsoho ya faɗa, bai ko dube ta ba.

A gaskiya kowanne zai yi. Tagullar ma za ta kai shekaru kafin ta gaji, Desanka ta sani sarai. Abin da take so ta ji shi ne ko mai yin aikin yana da baki a cikinsa. Ta kwance gyauton aikinta, ta rataye a kan injin.

"To, ga wuri. Mai zaɓa shi zai sassaƙa."

Ta koma bakin taga ta harɗe hannu. Vukašin ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki tukunyar ya je gaban injin. Irin wannan tukunya ta yi wuya yanzu, in aka wuce awo da ƙwaƙula shi ke nan, sai bola. Ya kama mabuɗin zai ɗaure ta, mabuɗin yana ƙwanƙwasa ƙarfe saboda rawar hannu. Ya sake gwadawa. Obrad ya daina dariya, ya shiga karanta jaridar da ya naɗo kayan.

Can tsoho ya ajiye mabuɗin.

"Desa, farin ƙarfen nan, muna da shi?"

"Muna da shi."

"Ba ya zame miki a hannu? Taurin kai gare shi."

"Na saba da masu taurin kai."

Ya koma kujerarsa. Obrad ya buɗe baki zai tambaye shi yaushe za a gama, tsoho ya yi masa nuni da haɓa.

"Can za ka tambaya, Kume."

"Laraba," in ji Desanka, ta tada injin. "Kofin kuma ya ƙone, sai ku ɗora wani."