Rigar da ke Karanta Gumin Baba

Shekarar da Baba ya faɗi a gonar albasa, gidanmu na Wurno ya koma gidan shari'a. Likita ya ce ƙodarsa ta gaji, don yana wuni a rana ba ya shan ruwa, saboda haka ya haƙura da fadama. Baba kuwa, ka hana shi tuwo ya yafe maka, amma ban da albasa. Ya zauna a zaure yana faɗa da kowa, har kajin Inna ba su tsira ba.

Autarmu, wadda ke karatu a jami'a a Sakkwato, ita ta kawo mafita. Malamanta suna gwajin wata riga mai kama da singileti, an saƙa wasu siraran zare a jikinta. In mutum ya yi gumi, zaren ya auna gishirin da ke ciki, wani ɗan maɓalli a gefe ya aika wa waya. In jiki ya fara bushewa, wayar ta yi kuka. Likita ya yarda Baba ya koma gona, da sharaɗin rigar na jikinsa, ni kuma ina kusa da wayata. In ba haka ba, zaure.

Auta ta miƙa masa rigar a durƙushe, ta koma makaranta. Washegari na shirya da sassafe, sai ga Baba ya fito da tsohuwar taguwarsa mai faci.

Na ce, "Baba, ina rigar?"

Ya ce, "Tana adaka."

"Mi taka yi cikin adaka?"

Ya dube ni kamar na zagi wani babba. "Kai, ba ka da hankali? Abin da ɗiyata taf fara ba ni da hannunta, shi zan kai cikin laka? Sai Juma'a."

Na leƙa. Wallahi Inna har ta turara ta da turaren wuta, ta naɗe ta tare da kayan Sallah. Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa wannan riga gumi ne abincinta. Ni ma ina da zuciya, kuma a wurinsa na gado ta, don haka muka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙe. Da na ce to mu koma zaure, sai ya yi tsaki ya shige ɗaki.

Ya fito sanye da ita. Amma ya ɗora taguwa a kai, ya kuma ɗora babbar riga a kan taguwar, wai kada ƙura ta taɓa ta. Haka muka hau babur zuwa fadama, manoma suna ɗaga hannu suna tambayar ko ɗaurin aure za mu.

Ana ban-ruwa ranar, rana kuwa ta buɗe sosai. Bai gama shayar da fangalin albasa biyu ba gumi ya jiƙa shi sharkaf, wayata ta kama kuka ba tsayawa. Dariyar da nake ɓoyewa tun a hanya ta ɗauke. Na ga yadda yake haki, na tuna ranar da aka kawo shi gida a kwance. Na roƙe shi ya tuɓe na saman, ya ƙi. Sai na kira auta, na ƙara muryar wayar, na gaya mata komai.

Ta yi dariya. Ta ce, "Baba, ba don ado nib ba ka ita ba. Ni kai nika so, ba rigab ba. In ta dawo min da tsabta, ka mai da min kyautata ke nan."

Mayar da kyauta, a wurin Baba, ba ƙaramin abin kunya ba ne. Ya tuɓe babbar rigar ya rataye a reshe, ya tuɓe taguwar. Ya karɓi gorar ruwa daga hannuna ya sha, ya sha, har yana zubo masa a gemu. Sannan ya sunkuya ya damƙo laka daga bakin fangali, ya shafa a ƙirjin farar rigar nan da tafinsa.

Ya ce, "To, hwaɗa mata na amsa." Ya ɗauki fartanyarsa.