Idon Baba Tafireta

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi yana buga wasiƙun ofishinsu, tun zamanin tafireta, shi ya sa ake kiransa Baba Tafireta. Bai iya nuna gazawa ba, ko a gida.

Wata Litinin ya tarar an sabunta manhajar kwamfutoci. Tasa ta daina hawa intanet, rubutu kuma ya ƙanƙance kamar tururuwa. Ya kai ƙarar intanet, aka gyara. Maganar rubutu kuwa ya haɗiye ta, don ya ɗauka idonsa ne ya tafi. Sati uku yana manna hanci a allo, ana dawo masa da wasiƙu da jan biro. Duk ofishin babu mai tausayin da ya tambaye shi lafiya. Ya rubuta takardar barin aiki da hannu.

Ranar kwashe kayansa, wadda ta gaji kujerarsa ta kira mai gyara. Danna biyu ya yi, haruffa suka dawo ɓaro-ɓaro.

"Baba, ai da ka faɗa," in ji mai gyaran.

Daga bakin ƙofa kawu ya karanta allon tas. Sannan ya ɗauki kofinsa ya fita.