Ranar da Namijin Gwanda Ya Haihu

Jiya matar ɗana ta yanka ɗanyar kuɓewa kusa da inda ta jiƙa sabulun salo, ƙamshin biyun ya haɗu ya same ni a zaure. Ban san lokacin da na cire tabarau ba. Nan take na koma Fatakwal, gidanmu na bayan kasuwar Creek Road, a daminar da ake koya mana sabon taken ƙasa, ana jiran saukar tutar Turawa.

A tsakar gidan akwai namijin gwanda, wato irin wanda yake fure amma ba ya 'ya'ya. Manya ba su ga amfaninsa ba. Mu yara kuwa shi ne gatanmu, domin sandar ganyensa rami gare ta daga wannan baki zuwa wancan. Yaran maƙwabtanmu Ibo ne suka koya mana yanke ta, mu wanke farin ruwan nan mai ƙona leɓe, mu tsoma baki ɗaya a ruwan sabulu, mu hura ta ɗayan. Sai dai ƙwan kumfarsu ba ya daɗewa. Kakarmu ce ta gyara al'amarin. Ruwan sama take sa mu ɗebo daga durom, ba na famfo ba. Ta marmasa sabulun salo a gwangwanin madara, ta tace yauƙin kuɓewa da tsumma ta zuba, ta hana kaɗawa, ta ce a bar shi ya kwana. Ga ƙanana da ba su iya hura kara ba, takan lanƙwasa tsinken tsintsiyar kwakwa ya zama zobe, ta naɗe shi da zare. A iskar garin nan mai laima, ƙwan kumfa ɗaya yakan haye katanga yana juya launin kore da shuɗi, har mu gaji da ɗaga kai.

Ana nan, mahaifina ya tafi Inugu, sai baffanmu, autansu mai fataucin albasa, ya ce zai sare bishiyar ya kafa rumfar ajiya. Na yi aikin kotu har na tsufa, kuma ina faɗa maka, mai karatu, ban ga hukuncin da ya fi wannan rashin adalci ba: ba a ji ta bakin masu amfani da ita ba, ba a kuma jira maigidan ba. Muka kai kuka wurin Kaka.

“Auta, me gwandar ta ci maka?” in ji ta.

“Inna, bishiyar banza ce. Bayan sallar Juma'a zan sare ta, sai fa in ta haihu kafin nan.”

“Kun dai ji da kunnenku,” Kaka ta ce mana. Ta dube ni. “Maigidana, share hawaye. Je ka ɗebo min kuɓewa, mai yawa.”

Ranar Juma'a an yi ruwa da hantsi, ya ɗauke ya bar ganye a jiƙe, iska ta kwanta. Kaka ta san abin da mu ba mu sani ba: kumfa ba ta fashewa a kan jiƙaƙƙen abu. Muna dawowa daga masallaci muka kewaye bishiyar, mu da yaran maƙwabta, manya da karan gwanda, ƙanana da zobe. Muka yi ta hurawa a hankali, kusa da gindin ganye da cikin furen, har wuyan bishiyar ya cika da ƙwayaye manya da ƙanana suna ƙyalli.

Baffa ya shigo da adda a hannu, limamin unguwa na biye da shi, domin Kaka ta aika ya zo cin tuwo. Baffa ya tsaya, baki buɗe.

“Allah ya gafarta Malam,” in ji Kaka, “yaron nan ya ce in ta haihu ya bar ta. Ga 'ya'ya nan.”

“Inna, ai kumfa ce!”

“Ka ce ta haihu. Ba ka ce sai an ci ba.”

Liman ya yi ƙoƙarin tsare gira, abin ya faskara. Da ya gama dariya ya goge ido da gefen rawani ya ce magana ta riga ta fita gaban shaidu. Baffa ya jingine adda, ya fizge karan hannuna wai ya ga abin da ya haukata mu. Maimakon ya hura sai ya zuƙa. Yana tari yana tofar da sabulu, kumfa na fita a gashin bakinsa, Kaka na riƙe da ciki don dariya. A bayan gida ya kafa rumfarsa, bishiyar kuma tana nan tsaye har ranar da muka bar garin.

Yau jikokina a kwalbar roba suke sayen ruwan kumfa, ba su san ana haɗa shi da hannu ba, kuma wannan yana ɓata min rai. Na karɓi ragowar kuɓewar jiya na jiƙa musu, na kuma dasa gwanda a gefen rijiya. Ɗana ya ce idan ta fito namiji sai a sare. Na ce masa an gama wannan shari'a tun kafin a haife shi, kuma babu wanda ya ɗaukaka ƙara.