Kofin da Na Kaɓe Daga Hannun Inna

Duk inda na ji ƙamshin soborodo yana tafasa, sai gabana ya faɗi. 'Ya'yana dariya suke yi mini, wai mace da girmanta tana tsoron abin da ake ƙullawa a leda ana sayarwa 'yan makaranta a bakin lakol. Nakan bar su da dariyarsu. Kai dai mai karatu, tsaya in gaya maka inda tsoron ya samo asali.

A ƙauyenmu, can gefen Gazawa, gidajen masu bi ba su da yawa. Majami'armu ɗakin laka ne mai rufin kwano, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin itacen dogon yaro. Lahadin farkon kowane wata ake cin Jibin Ubangiji. Burodi daga kasuwar Gazawa ake sayowa, abin sha kuwa Inna ce take dafawa tun ran Asabar: soborodo ja wur, ba citta ba kanumfari, ta tace da farin ƙyalle ta zuba a wata buta da ba a taɓa ta don wani aiki. Kofi ɗaya ne babba, na silba, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Mu yara da ba a yi mana baftisma ba, namu kallo ne da haɗiyar miyau.

Kafin kofin ya tashi, pasto, wani tsoho mai murya kamar daga cikin rijiya, yakan yi gargaɗi. Yakan ce duk wanda ya riƙe ɗan'uwansa a zuci kuma ya sha, hukunci ya sha wa kansa, har akwai waɗanda ciwo ya kwantar, akwai waɗanda suka mutu saboda haka. Manya sun saba ji, ba sa ko ɗaga kai. Ni kuwa na ɗauki maganar yadda aka faɗe ta.

Inna tana da aminiya, matar mai buga ƙararrawa, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. Turmi ɗaya suke daka, tabarma ɗaya suke zama a majami'a. Damina ɗaya suka haihu, duka maza. Da bazara ta zagayo, baƙon dauro ya shigo gari. Kowa ya san ƙa'ida: yaron da ya kamu, a ɗaki ake tsare shi, ba a kai shi cikin mutane. Amma makon Ista ne, Gwaggo ce kuma mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ta goya ɗanta, ta lulluɓe shi da mayafi duk da zafin ranar, ta zo ta zauna kusa da Inna. Da ya yi kuka lokacin da take waƙa, Inna ce ta karɓe shi, ta rungume shi a cinya ɗaya da ƙanena.

Ba a daɗe ba jikin ƙanena ya yi zafi. Idanunsa suka manne, bakinsa ya yi gyambo, ya kasa kama nono. Aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita a Gazawa. Da yamma amalanken ya dawo, jakin yana tafiya a hankali, Inna tana rungume da abu a naɗe cikin zanen goyo. Ɗan Gwaggo kuwa ya warke.

A zaman makoki, maƙwabtanmu Musulmi sun cika tsakar gida suna ba da haƙuri, Gwaggo ta durƙusa gaban Inna ta ce da bakinta, "Na ga ƙurajen tun ran Asabar. Na ɗauka na zahi ne, ko dai na so in ɗauka haka. Ki yahe mini." Inna ta juya fuska ga bango.

Daga nan Inna ta raba tabarma. Ta ci gaba da dafa soborodon kowane wata, amma in kofin ya iso wurinta sai ta miƙa wa ta gaba ba tare da ta kai baki ba. Mutane suna kallonta da tausayi, wasu da gulma. Ni kaɗai nake murna a ɓoye, domin na san muddin kofin yana wucewa, Inna tana raye. Na riga na ga yadda mutum yake zama ƙunshi cikin zane, ba na son in sake gani. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka cika rumbu, kofin yana ta wucewa.

Wata rana dattawan ikilisiya suka zo wurin Baba a zaure, ni ina bayan danga ina tsintar wake, kunnena yana wajensu. Suka ce abin ya yi tsawo. In wannan watan ma ba ta sha ba, za a sa ta horo: ta koma bencin baya, a karɓe butar, a cire ta daga zumunta. Baba ya shigo ya gaya mata. Inna ta ce, "To, zan sha." Muryarta a bushe take.

Ni ce jelar Inna, duk inda ta sa ƙafa ina biye. Saboda haka na san ba ta taka gidan Gwaggo ba, kuma ko a bakin rijiya ba su gaisa ba. Makon nan na duƙufa ga addu'a. Na yi addu'a burodi ya ƙare a Gazawa. Na yi addu'a, Allah Ya gafarta mini, zazzaɓi ya kama pasto. Tsohon nan ko atishawa bai yi ba. Ran Asabar ƙamshin ya cika gida, na tsuguna bayan rumbu ina kuka, ba wanda ya san dalili.

Ran Lahadi Inna ta ɗaura farin zanenta. Pasto ya yi gargaɗinsa kamar kullum, kowace kalma tana sauka a cikina. Kofin ya taso daga layin gaba, ina bin sa da ido. Ya iso. Inna ta riƙe shi da hannu biyu, ta ɗaga shi zuwa baki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kaɓe shi da iyakar ƙarfina, na kwarma ihu, "Inna kar ki sha! Ba ki yahe mata ba, mutuwa za ki yi!"

Kofin ya gangara yana ƙara a ƙasa. Ja ya wanke farin zanen daga ƙirji har gwiwa. Shessheƙar Gwaggo ta taso daga can baya. Baba ya taso daga ɓangaren maza, na san yau jikina zai gaya mini. Pasto ya ɗaga hannu. "Ku bar ta," in ji shi. "Ni na hwaɗi maganar, ita ko ta yarda da ita." Ranar ba a ƙarasa Jibi ba, don abin da ke butar duka an juye a kofin, sai aka ɗage zuwa Lahadi mai zuwa.

A gida Inna ba ta doke ni ba. Ta jiƙa zanen, ta zauna tana kallona har na tsargu. Da la'asar ta ce, "Ɗauko ƙwarya mu tahi." Muka yi sallama a gidan Gwaggo. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Soborodona ya ƙare. In kina da shi, ki zo da shi ran Asabar mu dahwa tare." Ni kuwa na san buhunmu yana ɗaki cike. Ɗan Gwaggo ya tako da ƙafafunsa masu rawa ya kama zanen Inna. Ta sandare, ba ta ɗauke shi ba. Ba ranar ba dai.

Lahadin da ta biyo Inna ta sha. Na riƙe gefen zanenta har aka tashi, ina sauraron numfashinta. Da na girma na tambaye ta ko a lokacin ta yafe. Ta ce, "Ban gama ba, ɗiyata. Na dai daina son riƙewa, na ce Ubangiji Ya ƙarasa mini."

Yanzu a majami'ar da nake zuwa a birni, lemon kwalba ake zubawa a ƙananan kofunan roba, kowa da nasa. Ba wanda ya san wa ya sha, wa ya bari. An huta da gulma, amma wani lokaci nakan ce da a haka muka taso, da Inna ta tafi kabari da abinta a zuci.

Bara muka binne ta a ƙauye. Mu mata ne duka a ɗakinta, bayan ƙanena ba ta sake samun namiji ba. Sabon pasto baƙo ne, bai san mu ba, sai ya ce ɗanta namiji ya fito ya fara zuba ƙasa. Na sunkuyar da kai, tsohon ciwon ya taso mini. Sai na ji takun mutum. Ɗan Gwaggo ne, da furfura a gemunsa, ya durƙusa ya cika hannu da ƙasa. Ba wanda ya gyara wa pasto maganarsa.